Ladan kuturu da 'yancin magana: rikicin afuwar haraji a Amurka

Ranar 11 ga Afrilun 2025 gwamnatin Amurka ta aika wa Jami'ar Harvard wasiƙa mai jerin sharuɗɗa. Ta ce jami'ar ta sauya yadda take ɗaukar ɗalibai da malamai, ta kuma yarda a kawo masu bincike daga waje su auna irin ra'ayoyin da ke yawo a sassanta. Bayan kwana uku shugaban jami'ar, Alan Garber, ya ce ba za su yi ba. Kafin gari ya waye gwamnati ta dakatar da tallafin dala biliyan 2.2. Kashegari Shugaba Donald Trump ya rubuta a shafinsa cewa wataƙila ya kamata a ƙwace wa Harvard afuwar harajin da take da ita, a riƙa karɓar haraji a hannunta kamar ƙungiyar siyasa. Ranar 2 ga Mayu ya cire kalmar "wataƙila", ya ce za a ƙwace.

Mutum zai iya cewa mene ne abin tayar da hankali, jami'a mai asusun ajiya na fiye da dala biliyan 50 ai ba za ta kwana da yunwa ba. Gaskiya ne, wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Sai dai sashen dokar da Harvard ke tsaye a kansa, wanda ake kira 501(c)(3), shi ne dai wanda ƙaramin masallaci a Minnesota da cocin ƙauye a Alabama da gidan marayu da asibitin mishan suke tsaye a kai. Ƙungiyoyi fiye da miliyan ɗaya ne a ƙarƙashinsa. Har mu ma abin ya taɓa mu, domin gidauniyoyi irin su MacArthur, wadda ta daɗe tana tallafa wa Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, da ta Gates da ta zuba kuɗi a yaƙi da shan inna, da Cibiyar Carter da ta yi fama da kurkunu, duk da wannan sashe suke numfashi.

Afuwar gida biyu ce. Na farko, ƙungiyar ba ta biyan harajin tarayya a kan kuɗin da take samu don aikinta. Na biyu, kuma shi ne mai nauyi, duk wanda ya ba ta gudummawa yana iya cire abin da ya bayar daga kuɗin da za a lissafa masa haraji. Attajirin da ke matakin haraji mafi girma, idan ya ba da dala ɗari, fiye da sulusinta gwamnati ce ta haƙura da shi. Amurkawa suna ba da gudummawar da ta haura dala biliyan 500 a shekara, kuma manyan gidauniyoyi galibi ba sa ba ƙungiyar da ba ta da wannan matsayi. Saboda haka ranar da aka janye shi, ba takardar haraji ce ke kashe ƙungiya ba, masu bayarwa ne ke watsewa.

Daga nan gardamar take tasowa. Masu goyon bayan gwamnati suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin da baitulmali ya haƙura da shi tallafi ne, mai ba da tallafi kuwa yana da ikon gindaya sharaɗi. Ba maganar banza ba ce, Kotun Ƙoli ma ta faɗi kusan haka a 1983, a wata shari'a da mai shari'a William Rehnquist ya rubuta hukuncinta, inda ta ce majalisa na iya ƙin tallafa wa aikin kamun ƙafa a wurin 'yan majalisa ba tare da ta taka 'yancin kowa ba. Amma kotun nan dai, tun a 1958, ta rushe wata dokar California da ta ce tsohon soja ba zai samu rangwamen harajin gida ba sai ya rantse cewa ba ya kiran a kifar da gwamnati. Dalilinta shi ne, hana mutum rangwame saboda abin da yake faɗi daidai yake da cin sa tara saboda maganar. Idan aka haɗa hukunce-hukuncen biyu, abin da ya fito shi ne gwamnati na iya cewa ba za ta biya kuɗin wani nau'in aiki ba, ga kowa da kowa, amma ba za ta zaɓi wanda za ta hukunta bisa ra'ayinsa ba. A takarda iyakar a fili take. A aikace, wanda ke riƙe da hukumar tara haraji ta IRS shi ke fara cewa ga inda ta bi.

Askin da aka fi sani shi ne wanda Lyndon Johnson ya shigar a dokar haraji a 1954, lokacin yana sanata daga Texas: ƙungiyar da ke cin wannan afuwa ba za ta goyi bayan ɗan takara ko ta yaƙe shi ba. Tana iya magana a kan talauci, zubar da ciki, yaƙi, shige da fice, amma ba za ta ce a zaɓi wane ba. Da wuya ake ƙwace matsayi saboda wannan. Misalin da ake yawan kawowa shi ne na wata coci a jihar New York da ta sayi shafin jarida a 1992 tana gargaɗin Kiristoci kada su zaɓi Bill Clinton, aka janye mata afuwa a 1995, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2000. A Yulin 2025 ma IRS ta shaida wa wata kotu a Texas cewa a ganinta limami ko fasto da ya nuna wa mabiyansa ɗan takara a lokacin ibada bai karya dokar ba.

Amma ƙarancin ƙwacewa bai nuna ƙarancin ɓarna ba. A 2004 shugaban ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP, Julian Bond, ya yi jawabi ya caccaki George W. Bush. Makonni kaɗan kafin zaɓe takardar bincike ta iso daga IRS. Sai a 2006 aka rufe fayil ɗin, ba a same su da laifi ba. Cocin All Saints da ke Pasadena ta sha irin wannan saboda huɗubar adawa da yaƙin Iraƙi da aka yi kwana biyu kafin zaɓen 2004, ba a saki wuyanta ba sai a 2007. Da mulki ya koma hannun Barack Obama, masu kuka suka sauya. A Mayun 2013 wata babbar jami'ar IRS, Lois Lerner, ta amsa cewa ma'aikata sun riƙa ware takardun neman afuwa na ƙungiyoyin da sunansu ke ɗauke da kalmomi irin su Tea Party, wato na ɓangaren 'yan mazan jiya, suna jan su shekaru, suna tambayar sunayen masu ba su kuɗi. Daga baya binciken cikin gida ya nuna an ware wasu ƙungiyoyin masu ra'ayin sauyi su ma, amma hukumar ta nemi gafara a sulhun da aka yi a kotu a 2017. A duk waɗannan, hukuncin shi ne binciken kansa: kuɗin lauya, shekaru cikin zullumi, da kwamitin amintattu da zai ce wa shugaba ya rage baki. Sauran ƙungiyoyi kuma suna kallo, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Shari'ar da ta fi kowace wuyar sha'ani ita ce ta Jami'ar Bob Jones da ke Carolina ta Kudu, domin a nan gwamnati ce ke da gaskiya. Jami'a ce ta Kiristoci masu tsauri wadda ta ƙi karɓar baƙaƙen fata har zuwa 1971, bayan ta fara karɓarsu kuma ta haramta soyayya da aure tsakanin fari da baƙi, tana cewa haka ta fahimci littafinta. IRS ta janye mata afuwa a 1976. A 1983 Kotun Ƙoli, da alƙalai takwas a kan ɗaya, ta ce an yi daidai: cibiyar da ke aiki saɓanin "ginshiƙin manufar ƙasa" ba ta cancanci a kira ta ta alheri ba. Babu mai hankalin da zai yi wa Bob Jones kuka. Ita kanta ta soke dokar a 2000, ta nemi gafara daga baya, ta dawo da matsayinta a 2017.

Abin da ya rage a baya shi ne waɗancan kalmomi uku. Wa zai faɗi mene ne ginshiƙin manufar ƙasa? Kotun ta yi ƙoƙarin ɗaure akuyar da gajeren igiya. Ta nuna cewa a kan wariyar launin fata a makarantu, kotuna tun daga hukuncin 1954, da majalisa ta dokar haƙƙin jama'a ta 1964, da shugabanni bi da bi, duk bakinsu ya zo ɗaya tsawon shekaru kusan talatin, kuma ta ce kada a yi amfani da wannan iko sai inda babu kokwanto. Mai shari'a Lewis Powell, wanda ya goyi bayan sakamakon, ya rubuta nasa daban yana nuna damuwa. A ganinsa amfanin afuwar haraji shi ne ta raya ra'ayoyi mabambanta, har masu karo da juna, ba ta zama lada ga masu bin layin gwamnati ba, kuma bai ga abin da ya sa masu tara haraji za su zama alƙalan manufar ƙasa ba.

Tsoron Powell bai tsufa ba. A 2015, lokacin da ake sauraron shari'ar auren jinsi, mai shari'a Samuel Alito ya tambayi lauyan gwamnatin Obama, Donald Verrilli, ko makarantar addini da ta ƙi amincewa da irin wannan aure za ta iya fuskantar abin da Bob Jones ta fuskanta. Lauyan ya amsa cewa lallai batun zai taso. A 2019 Beto O'Rourke, yana neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Democrat, ya ce a janye afuwa daga wuraren ibadar da ke adawa da auren jinsi, maganar da, in da za a aiwatar, za ta haɗa da kusan kowane masallaci a ƙasar. A lokacin 'yan mazan jiya suka yi ca, suna cewa wannan zalunci ne. Shekaru shida bayan haka, wasu daga cikinsu ne ke jawo shari'ar Bob Jones a kan Harvard, suna cewa fifita wasu jinsuna wajen ɗaukar ɗalibai, wanda Kotun Ƙoli ta haramta a 2023, da sakaci kan ƙyamar Yahudawa, sun saɓa wa manufar ƙasa. Ko da zargin yana da tushe, akwai bambancin da ba a son faɗi. An ɗauki shekara goma sha uku daga ranar da IRS ta sauya manufarta a 1970 zuwa hukuncin ƙarshe a kan Bob Jones, ana bi kotu-kotu. Ta Harvard kuwa, sanarwar ta fito kwana ɗaya bayan jami'ar ta ƙi bin umarnin fadar shugaban ƙasa. Mai shari'a Allison Burroughs, da take rushe dakatar da tallafin a Satumban 2025, ta ce ramuwar gayya ce a kan maganar da tsarin mulki ya kare.

Duk wannan, kafin a zo kan jami'o'i, an riga an gwada wuƙar a wani wuri, kuma Musulmin Amurka ne zakaran gwajin dafi. A Disamban 2001, cikin watan azumi, lokacin da ake fitar da zakka da sadaka, Ma'aikatar Baitulmali ta rufe asusun Holy Land Foundation ta Texas, wadda ita ce mafi girman ƙungiyar agajin Musulmi a ƙasar, sannan ta bi da wasu biyu a Illinois. An zargi Holy Land da tura kuɗi ga kwamitocin zakka na Falasɗinu da gwamnati ta ce Hamas ke juya su. Shari'ar farko ta watse a 2007 ba tare da an samu kowa da laifi ba, a ta biyu a 2008 aka samu shugabanninta biyar da laifi, wasu aka yanke musu shekara 65. Har yau ana jayayya kan wannan shari'a, musamman kan shaidun da suka ba da shaida da sunan ɓoye. Amma ko wanda ya gamsu da hukuncin zai lura da jerin abubuwan: an rufe ƙungiyar shekara bakwai kafin a tabbatar da laifi.

Labarin KindHearts ta Toledo a Ohio ya fi fito da matsalar. A Fabrairun 2006 aka daskarar da dukiyarta "har sai an gama bincike". Ba a gurfanar da ita ba, ba a nuna mata cikakkiyar hujja ba, kuɗin ɗaukar lauya ma sai da izinin wanda ya rufe asusun. A 2009 alƙalin tarayya James Carr ya ce abin da aka yi mata ya saɓa wa tsarin mulki. Ihu bayan hari ne, ƙungiyar ba ta sake tashi ba. A waccan shekarar Obama da kansa, a jawabinsa na Alƙahira, ya amsa cewa dokokin bayar da gudummawa sun sa fitar da zakka ya yi wa Musulmin Amurka wuya.

Tun 2003 akwai sashe na 501(p), wanda ke dakatar da afuwar duk ƙungiyar da aka ayyana a matsayin ta ta'addanci. Taimaka wa 'yan ta'adda kuma babban laifi ne mai ɗaurin shekaru har ashirin, kuma a 2010 Kotun Ƙoli ta ce ko koya wa irin waɗannan ƙungiyoyi hanyar sasanci cikin lumana yana iya shiga ciki. To me ya rage da ake buƙatar sabuwar doka? Amsar tana cikin ƙudurin H.R. 9495 na 2024. Ya ƙirƙiro sabon rukuni, "ƙungiya mai tallafa wa ta'addanci", ya ba Sakataren Baitulmali shi kaɗai ikon liƙa wa ƙungiya wannan suna. Zai ba ta sanarwa, tana da kwana 90 ta wanke kanta, kuma yana iya ƙin bayyana hujjarsa idan ya ce tsaron ƙasa ya hana. Wato an juya shari'a, wanda ake zargi ne zai kawo shaidar cewa bai yi abin da ba a nuna masa ba. Tana iya zuwa kotu daga baya, amma wane banki ne zai ci gaba da riƙe asusun ƙungiyar da gwamnati ta shafa wa wannan kashin kaji? Don ƙudurin ya yi daɗin haɗiya, an ɗaure shi da wani tanadi da babu mai ƙi, na yafe tarar jinkirin haraji ga Amurkawan da aka yi garkuwa da su a waje.

Ƙididdigar ƙuri'un ta fi kowane sharhi bayani. A Afrilun 2024, ana tsakiyar zanga-zangar Gaza a jami'o'i, irin wannan tanadi ya wuce Majalisar Wakilai da ƙuri'a 382, mutum 11 kacal suka ƙi. Ranar 21 ga Nuwamba ya wuce da ƙyar, 219 da 184, 'yan Democrat 15 kawai suka goyi baya. Rubutun kusan ɗaya ne. Abin da ya shiga tsakani shi ne zaɓen 5 ga Nuwamba. A fahimtata, lokacin da ake ganin ƙungiyoyin masu goyon bayan Falasɗinu ne za su sha wuƙar, kuma na gida ne zai riƙe ta, ba a ga aibinta ba, sai da aka tabbatar hannun da za ta koma. Ƙudurin ya mutu a Majalisar Dattawa, ya sake leƙowa a babban ƙudurin haraji na Mayun 2025, aka cire shi kafin ƙuri'a. A ƙarshen Satumban 2025, bayan kisan ɗan gwagwarmayar 'yan mazan jiya Charlie Kirk, Trump ya sa hannu a wata takardar umarni da ta ce IRS ta tabbatar babu ƙungiya mai afuwar haraji da ke ɗaukar nauyin tarzomar siyasa, kai tsaye ko a fakaice, yana kuma ambatar George Soros, attajirin da ke tallafa wa ƙungiyoyin masu ra'ayin sauyi, a gaban 'yan jarida.

Mai karatu a Najeriya zai tuna hayaniyar 2020 a kan sashe na 839 na dokar kamfanoni, wanda ya ba hukumar rajistar kamfanoni damar dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa masu riƙo, har ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta ce ba za ta saɓu ba. Tambayar iri ɗaya ce, ko jami'in gwamnati zai fara hukunci sannan a je kotu, ko kuwa kotu ce farko.

Ba ina cewa ƙungiyoyin nan waliyyai ba ne. Akwai masu cin dukiyar marayu da sunan agaji, akwai masu fakewa da gidauniya suna siyasa. Gidauniyar Trump kanta an rushe ta, kuma a 2019 wata kotun New York ta umarce shi ya biya dala miliyan biyu saboda karkatar da kuɗinta, ciki har da amfani da ita a kamfe. Amma a duba yadda aka yi: an shigar da ƙara, an baje hujja a fili, alƙali ya yanke. Wannan ita ce hanyar da ƙungiyoyin da ba sa ga maciji da juna suke haɗuwa su kare. A 1958 NAACP ce ta ci Alabama a Kotun Ƙoli, lokacin da jihar ta nemi sunayen 'ya'yanta a zamanin da bayyanar suna ke nufin kora daga aiki ko ƙona gida. A 2021 wata gidauniyar 'yan mazan jiya mai alaƙa da attajiran gidan Koch ta dogara da wannan hukunci ta hana California karɓar sunayen manyan masu ba ta kuɗi, ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU tana mara mata baya. A 2024 lauyan ACLU ne ya tsaya wa ƙungiyar masu bindiga ta NRA, wadda suke hannun riga da ita a kusan komai, alƙalai tara kuma suka yarda cewa jami'in gwamnati ba shi da ikon matsa wa bankuna da kamfanonin inshora su guji ƙungiya don a toshe mata baki.

A takarda, shugaban ƙasa ba shi da hannu a wannan harka ko kaɗan. Sashe na 7217, wanda aka kafa a 1998, ya mai da shi laifi ga shugaban ƙasa ko mataimakinsa ko ma'aikatan fadarsa su nemi IRS, kai tsaye ko ta bayan gida, ta binciki wani ko ta daina bincikensa. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara biyar, kuma ma'aikacin da aka kawo wa irin wannan buƙata wajibi ne ya kai rahoto. Shi ya sa fadar ta yi saurin cewa duk abin da IRS za ta yi kan Harvard, da kanta za ta yi. Raunin sashen a bayyane yake: Ma'aikatar Shari'a ce za ta gurfanar da mai laifin, ita kuwa a ƙarƙashin shugaban ƙasa take, ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ba shugaban ƙasa kariya mai faɗi a kan ayyukan ofis.

Dokar ta samo asali ne daga abin da aka gani a zamanin Richard Nixon, wanda yunƙurin amfani da IRS a kan abokan gaba ya shiga cikin tuhumar tsige shi a 1974. A Satumban 1972 lauyan fadarsa, John Dean, ya miƙa wa shugaban IRS, Johnnie Walters, jerin sunayen magoya bayan George McGovern, ɗan takarar Democrat da ke karawa da Nixon, don a bi su da bincike. Walters ɗan Republican ne, Nixon ne ya naɗa shi. Ya kai maganar gaban Sakataren Baitulmali George Shultz, suka yarda ba za a taɓa kowa ba, ya sa takardar a ambulan ya kulle a akwatin ƙarfe, sai a 1973 ya miƙa ta ga masu binciken majalisa. A lokacin babu sashe na 7217, mutum biyu ne kawai suka ƙi. Kujerar da Walters ya zauna a kai, a shekarar 2025 kaɗai mutum bakwai suka hau ta, kuma wanda Majalisar Dattawa ta tantance a cikin sababbin, Billy Long, bai cika wata biyu ba aka sauke shi.